Dala 60 na biya don a hana ɗana jifa

Tun ranar da muka kai ɗana kallon ƙungiyar besbol ta Columbus Clippers a filin Huntington Park ya hana mu sakat, shi dai sai besbol, kuma mai jifa yake son zama. Ni da na tashi a Zariya, ƙwallon ƙafa da langa kaɗai na sani. Da sanyin jihar Ohio ta Amurka ya kankama sai na yi masa rajista a wani wurin atisaye a bayan gari, tsohon sito ne aka rarraba shi da raga. Awa ɗaya dala 60, mun je sau takwas.

Wurin kansa ba abin yabo ba ne. Sanyi kamar cikin firji, kujerun iyaye uku ne kacal, sau biyu kuma manhajarsu ta ba mu lokaci ɗaya da wani yaron. Saboda kocin na ci gaba da zuwa.

Mutumin Jamhuriyar Dominika ne, daga San Pedro de Macorís, garin rake da ya yi suna wajen fitar da 'yan besbol. Yana ɗan shekara 16 ya sa hannu da wata ƙungiya, ya fara daga gasar bazara ta ƙasarsu kafin a kawo shi Amurka. Ƙananan lig hawa-hawa ne: Single-A, High-A, Double-A, sai Triple-A, inda Clippers suke, daga nan babban lig. Shi a Double-A ya tsaya. Jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa tiyatar da ake kira Tommy John, ya shafe fiye da shekara yana jinya, ƙarfin jifan bai dawo ba, aka sallame shi.

Muna jiran a buɗe mana raga yake ba ni labarin doguwar tafiya a bas cikin dare, da yadda su biyar suke kwana a gida ɗaya, wasu a katifar iska. A lokacinsa sai ana kakar wasa ake biyan albashi. A 2022 aka fara ba 'yan wasa masauki, a 2023 kuma yarjejeniyar farko tsakanin ƙungiyar ƙwadagonsu da shugabannin lig ta ɗaga mafi ƙarancin albashin Double-A daga dala 13,800 zuwa 30,250 a shekara. Duk bayan ya bar wasa. Dariya kawai ya yi da na ce an yi rabo ba ya nan.

Zaman farko na ji haushi. Rabin awar ta tafi a miƙe jiki da jan roba da koyon inda ƙafa za ta sauka. Da aka zo jifa, ƙirgawa yake yi, yana kaiwa 25 ya karɓe ƙwallon. Yaron ya roƙi a koya masa jifa mai lanƙwasa, ya ce a'a, sai ƙashi ya yi ƙwari. Na ce, "Koci, kuɗin awa guda fa na biya." Bai yi musu ba, hannun riga ya naɗe ya nuna mini tabon ɗinkin.

Turancinsa a cakuɗe yake da Sifaniyanci, yaro mai kunya zai sha wahala a farko. Wanda yake son a ce masa ɗansa tauraro ne, ya nemi wani wurin. Na tambaye shi ko ina yaron zai kai a wasan, ya ce yaron shekararsa 11, in tambaye shi ko ya yi aikin gida na makaranta. Mun sake biyan zama huɗu na watan Maris, wannan karon da bargona zan je.