Fito a Dam ɗin Dadin Kowa: Jirgin Safe Ya Fi

Dam ɗin Dadin Kowa, da ke ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba a gabas da garin Gombe, an kammala shi a 1984 a kan kogin Gongola. Kafin a tare ruwan, gonaki ne da itatuwa a wurin, kuma kututtukansu suna nan a ƙasa har yau. Shi ya sa darajar mai fito a nan tana ga sanin inda tsohon kwarin kogin ya bi.

Tsofaffin direbobi sun san shi sarai. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya janye, za ka ga suna zagaye mai nisa maimakon su miƙe. Kada ka ce ɓata mai suke yi. Yaron da ya yanke hanya shi ne farfelarsa ke dukan kututture, ko cikin jirginsa ya tsage. Daga Agusta zuwa Oktoba dam ya cika, kututtukan sun nutse can, sai dai ciyawa da yayi da kogi ya kwaso su toshe mashayar ruwan inji. Ka riƙa kallon siririn ruwan da ke tsartuwa a bayan injin. In ya tsaya, inji zai yi zafi, dole a kashe a share.

Jiragen katako ne, galibi da injin Yamaha mai haɗin mai: rabin litar man inji na 2T a lita 25 na fetur. Wanda ya rage man 2T don tsimi, injinsa ne ke ƙamewa a tsakiyar ruwa. Yoyo kaɗan ba abin tsoro ba ne, ana like shi da tsumma da kwalta, yaron jirgi yana kwarfewa.

Inda masu fito suka gaza shi ne lodi. Ranar kasuwa ana haɗa buhunan masara da babura da mutane, har bakin jirgi ya rage taƙi ɗaya ya taɓa ruwa. In ka ga haka, sauka ka jira na baya. Rigunan kariya ba sa isa kowa, kuma tafiyar dare hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta hana ta.

Hau da safe. Hadarin farkon damina da la'asar yake tasowa daga gabas, igiyar ruwa ta tashi nan take. Wajen fadamu akwai dorina. Direban kirki yana ba ta hanya tun daga nesa. A shirya kuɗin fito da na kaya tun a gaɓa, kafin a tura jirgi.