AA a hannu: ka sake ƙarawa ko ka bi shiru?

Ɗan'uwa, ka tambaya idan aka raba maka AA (katin A guda biyu) ko KK (katin K guda biyu) a wasan karta na Texas Hold'em, wani ya riga ya ƙara kuɗi kafin a buɗe filof (katuna uku na farko da ake shimfiɗawa a tebur don kowa), shin ka sake ƙarawa a kansa ko ka bi shi kawai ka ɓoye hannunka. Toh ga su nan biyun.

Bin shiru daɗin faɗi gare shi, wai kada mutumin ya tsorata ya gudu. Amma fa ba shi kaɗai ka bari ba, duk na bayanka ka buɗe musu ƙofa da araha, mai 7-8 ya faɗo, mai 5-5 ya faɗo, kafin ka ankara ku biyar ne a ciki. AA gaban mutum ɗaya tana ci wajen kashi 85 cikin ɗari, gaban mutum huɗu sai ta sauko wajen 56. Shi mai 5-5 ɗin nan kusan sau ɗaya cikin takwas zai samu 5 ta uku a filof, kai kuma wallahi ba iya jefar da AA za ka yi ba, haka za ka yi ta zuba masa har ka tashi hannu rabbana.

Sake ƙarawa kuwa, ya sa 300 ka mayar 900 in kai ke magana bayansa, in shi ke bayanka ka kai 1200. Eh, wani sa'in kowa zai jefar ka kwashi ɗan canji, da haushi kam tunda sau ɗaya cikin 221 AA take zuwa. Sai dai mai QQ ko AK ba ya gudu, mai KK ma tura duka zai yi, alhali kashi 82 naka ne.

KK ta ma fi buƙatar ƙarin, don kusan kashi 23 na filof A na fitowa, daga nan gabanka ya fara faɗuwa.

AK daban take, ba ta zama komai ba tukuna, sau ɗaya cikin uku take haɗuwa a filof, gaban QQ kuma tana ƙasa kaɗan. Ita kana ƙarawa ne kana so su jefar.

Inda kawai zan bi shiru da AA shi ne in akwai wani mai zafin hannu a bayana da na tabbata zai ƙara. A tebur irin na manhajar Zynga Poker da kuɗin na wasa ne babu mai jefarwa, ka ninka biyar ma za su biyo ka.