Gargaɗi ga masu sayen jan ruwan inabi na biki a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu girkin biki da iyayen amare. Abin da ya same ni makon jiya ne ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Akwai wata mata da ke tallar jan ruwan inabi marar giya a zaurukan WhatsApp, irin mai doguwar kwalba da ake jerawa a teburin dina ko walima. Kwali guda tana sakin shi kusan rabin kuɗin kanti. In kin tambaye ta dalilin arahar, sai ta ce ai daga Legas take ɗaukowa kai tsaye, babu dillali a tsakani. Na ce ta aiko min da kwalba ɗaya in gani. Ta aiko, muka sha, babu abin kushewa. A kan haka na tura mata kuɗin kwali 6 na bikin 'yar yayata.

Saura kwana uku biki, da daddare na yi mana dafa-duka da soyayyar kaza, sai maigida ya ce a fasa ɗaya daga cikin sabbin mu sha da abincin. Wannan maganar tasa ce Allah ya sa ta cece mu.

Tun daga murfi na fara tsarguwa. Ina murɗawa ya taho salin-alin, zoben da ke ƙasansa bai tsinke ba, alamar an taɓa buɗe shi. Na tsiyaya a kofin gilashi. Na farkon da ta aiko ja ne mai duhu, yana kumfa, yana ƙamshin inabi. Wannan kuwa ja ne jawur kamar zoɓon da aka cika wa kala, kumfar ko minti ɗaya ba ta yi ba ta kwanta. Da na kai hanci, wari ne ya buge ni irin na sifirit ɗin da ake goge wurin allura. Na ɗan taɓa a harshe: zaƙi mai yanka maƙogwaro, a bayansa ɗaci irin na sakarin wanda ko lomar shinkafa ba ta kore shi ba. Ɗigon da ya zuba a farin faranti sai da na sa soso kafin ya fita. Nan take na janye kofunan yara.

Muka fito da sauran kwalaben muka jera a ƙarƙashin fitila, kusa da kwalbar farko da ban yar ba. Takardun jikinsu a karkace, gam ya bushe a gefe. Wata cike take har wuya, wata da saura. Wurin da ake buga ranar lalacewa an goge shi, an sake buga wata a kai, kana shafawa da ɗan yatsa tawadar na biyo ka. Lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) kuwa tana nan radau a kowace, don haka kada ganin lamba kaɗai ya kwantar miki da hankali, mai buga takardar jabu har da lambar yake kwafa.

Na kira ta. Ta ce, "Wallahi Hajiya haka aka turo min, ki yi haƙuri zan bincika." Kafin gari ya waye ta toshe lambata. Ban sa sunanta a nan ba domin ta riga ta canza suna da hoto, salon nata nake so ku gane: kwalbar gwaji ta gaske, kuɗi a gaba, kaya kuma sai biki ya matso, lokacin da ba wanda ke da sukunin dubawa.

Wannan ba ƙaramar sana'a ba ce. A watan Disamba na 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba a jihar Abiya, ta rufe shaguna sama da 240 da aka mayar masana'antun haɗa abin sha na jabu, kayan da aka ƙiyasta kuɗinsu ya haura naira miliyan 750. Ba giya kaɗai suke kwaikwaya ba, har da irin wannan marar giyar da muke saye, kuma suna sauya ranar lalacewar kayan da suka tsufa. Abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Wurin da ake ɗura giyar jabu da ruwan inabin jabu da mazurari ɗaya, wa zai rantse miki cewa abin da kika ajiye wa baƙinki babu barasa a ciki? Ga haramci, ga cuta. Mu a Arewa mun ga irin ta a Kano a 2021, lokacin da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami ya shiga abin sha, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu suka rasu.

Su kuma kwalaben, daga hannunmu suke samunsu. Bayan an tashi daga biki ana tattara su da takardunsu lafiya lau, su bi ta hannun 'yan jari-bola su koma wurin masu ɗurawa. Don Allah in an gama sha a yage takardar, a lanƙwasa murfin kafin a zubar.

Wadda za ta saya, ta je kantin da ta sani, ta karɓi rasit. In kuwa ta intanet ne, kada a biya duka sai kaya sun iso, kuma ke da kanki ki zaro kwalba daga tsakiyar kwali ki buɗe a gaban wanda ya kawo, ba wadda ya miƙo miki ba.

Kwalaye shidan suna nan a ɗakin ajiyata, ban zubar ba, ban kuma ba kowa ba. Ranar Litinin zan kai su ofishin NAFDAC tare da hoton hirarmu da shaidar tura kuɗi. Wadda matar nan ta taɓa yi wa haka ta adana nata shaidun ta kai. Bikin kuwa da zoɓo da kunun aya muka yi shi, wanda ni da ƙannena muka kwana muna haɗawa.