Fayilolin fara aiki na Django: abin da na gani bayan wata uku

Kawuna yana sayar da kayan gyaran babur a Garwa ta Kamaru, kuma littafin bashinsa ya yi kaca-kaca, har wasu shafukan sun sha bakin mai. Shi ya sa na ce bari in gina masa 'yar manhaja da Django, wani tsarin gina shafukan intanet.

Ka rubuta umarnin django-admin startproject, kafin ka kurɓi shayi an shimfiɗa maka fayilolin manage.py, settings.py, urls.py, wsgi.py, asgi.py da wani __init__.py fanko. Shi ke nan. Wannan ƙanƙantar ce ta fi burge ni, don a zama ɗaya na karance su duka. Na taɓa gwada wani tsarin JavaScript da ya jawo mini dubban fayiloli, data ta ƙare tun shafin farko bai buɗe ba. Nan kuwa ƙaramin rumbun bayanai mai suna SQLite na jiranka, ba sai ka kafa wani ba, shafin admin ma an riga an ɗaura shi. Ran nan da yamma yaron shago ya fara shigar da sunayen masu bashi.

Amma settings.py, fayil ɗin saituna, ba a yi shi don Garwa ba. Harshe en-us ne, na mayar da shi fr don yaran sun fi jin Faransanci. Agogo kuwa UTC ne, wato daidai da GMT, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, ni ban lura ba. Wata Juma'a aka sayar da taya ƙarfe biyu da rabi, manhaja ta rubuta ɗaya da rabi. Kawu ya kira yaron:

"Kai, ciniki kake yi muna masallaci?"

Yaro ya yi ta rantsuwa. Ni na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, a yi haƙuri, laifina ne." Layi ɗaya ne gyaran: na mayar da agogon Africa/Douala, lokacin Kamaru.

DEBUG, saitin da ke baje bayanan kuskure a fili, ma a kunne yake zuwa, kuma SECRET_KEY, makullin sirrin manhajar, na farawa da django-insecure, wato marar tsaro. Nan kam sun kyauta, sunan kansa gargaɗi ne. In ka ɗora shafi a intanet a haka, duk wanda ya ci karo da kuskure zai ga cikin manhajarka.

Ƙorafina guda: startapp, umarnin ƙara sabon sashe a manhaja, na ba ka models.py, views.py, har da tests.py wanda kusan fanko ne, amma babu urls.py mai riƙe da adireshin shafuka, alhali kusan kullum sai ka buƙace shi. Da hannu na rubuta nawa, sau uku ke nan.