ibisPaint X a Hannun Mai Zanen da Ke Zuwa Aiki ko Makaranta

Mafi yawan masu zana labarai suna sakawa a intanet ba da zanen suke cin abinci ba. Wani malamin makaranta ne, wani ma'aikacin ofis, wata kuma ɗaliba ce da jarrabawa ke jiranta, kuma dukkansu lokacin da suke samu na zane a gutsure yake zuwa: ɗan hutun azahar, zaman jiran malamin da bai shigo aji ba, ko abin da ya rage tsakanin sallar isha'i da barci. Da wannan ma'auni na auna ibisPaint X, manhajar zane ta kamfanin ibis na ƙasar Japan wadda ta fito a 2011, ba da ma'aunin ƙwararren da ke da teburi da kwamfuta da yini guda cur ba. A ganina ta dace da irin wannan rayuwa ƙwarai, ko da yake tana da iyakar da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya ɗora mata dogon labari.

Babbar fa'idarta ita ce tana zaune a cikin waya, ko Android ko iPhone, kuma ainihin aikin zane ba ya buƙatar data. Wanda ya dawo daga aiki a gajiye ya tarar an ɗauke wuta ya san darajar wannan, domin muddin akwai caji, shafin da ya fara da safe yana nan yana jiransa. Manhajar tana adana aiki da kanta yayin da ake zanen, saboda haka idan maigida a ofis ya yi kira ba shiri, sai a kashe fuskar waya a tashi, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take karɓar zanen takarda. Da yawanmu hannunmu ya fi sakewa da fensir ko biro, kuma a wurin aiki ko cikin aji zane a gefen littafi ya fi sauƙi kuma ya fi mutunci a kan a ga mutum yana ta latsa waya. Idan aka ɗauki hoton wannan zane aka shigar da shi, manhajar takan tambaya ko a tsamo layukan kaɗai, sai ta kawar da farin takardar ta bar baƙin layi a kan falle mai zaman kansa (falle kamar takarda ce mai bayyana abin da ke ƙarƙashinta, ana jera su ɗaya kan ɗaya), yadda za a iya zuba launi a fallen da ke ƙarƙashinsa ba tare da an taɓa layin ba. Hoton da aka ɗauka cikin hasken rana ya fi fita tsaf; na hasken tocila yakan zo da inuwa da ɗige-ɗige da sai an bi da abin gogewa. Wannan hanya ita ke ba mutum damar raba aikin shafi ɗaya gida uku, ya yi zanen farko da rana, ya daɗa wa layi baƙi da yamma, ya bar launi sai ƙarshen mako.

Kayan aikin labarin zane ma sun wadatar. Akwai abin yanka shafi zuwa akwatuna, wanda da jan yatsa sau ɗaya yake tsaga shafin ya bar tazara daidai tsakanin akwati da akwati. Akwai mai daidaita layi da ke rage rawar hannu, abin da mai zane da yatsa ba zai so ya rasa ba, ga ruloli na miƙaƙƙen layi da na da'ira, ga kuma ɗige-ɗigen inuwa irin na zanen Japan ga wanda ba ya son ɓata dare wajen launi. Tana kuma naɗar bidiyon yadda aka yi zanen tun daga layin farko, kuma a makon da ayyuka suka sha kai har shafi bai kammalu ba, wannan gajeren bidiyo ya isa a saka a Facebook ko Instagram don kada masu bibiya su ɗauka an watsar da labarin.

Ta ɓangaren kuɗi, ana sauke ta kyauta, talla ce ke biyan kuɗin. Wasu burusai, wato alƙaluman zane na cikin manhajar, a kulle suke sai an kalli tallar bidiyo, wadda ke buɗe su na tsawon awa 18, kuma kallon yana buƙatar intanet. Ana iya biya sau ɗaya a cire talla, ko a shiga tsarin biyan wata ko shekara mai ƙarin kaya. Ɗalibi ba ya buƙatar ko ɗaya a farko. Da kuɗin da zai kashe a nan, gara ya sayi ɗan alƙalamin taɓa fuskar waya.

Inda take gazawa shi ne dogon aiki. Dandalin labaran zane na Webtoon na kamfanin Naver na Koriya ta Kudu, inda sashen Canvas ke buɗe ga kowa, yana son zane mai faɗin fiksel 800 (fiksel shi ne ɗan ɗigon da hoto ke haɗuwa da shi a fuskar waya) wanda ake karantawa daga sama zuwa ƙasa, Tapas kuma, wani dandalin irinsa, 940. Zane mai irin wannan tsawo yana yi wa ƙaramar waya nauyi, domin yawan fallayen da za a iya buɗewa yana raguwa gwargwadon girman shafi da ƙarfin wayar, don haka dole a yanka kashi ɗaya na labari zuwa guntaye, kowanne a matsayin zane daban. A cikin sauran manhajojin zane, Clip Studio Paint na kamfanin Celsys, a nau'insa na EX, yana riƙe littafi guda da duk shafukansa wuri ɗaya, Krita kuma kyauta ce ba talla, amma dukkansu sun fi jin daɗin babbar fuska, wato a koma ga teburi da wutar lantarki da lokacin da tun farko babu su.

Sai kuma batun da ya shafi mai rubutu da Hausa. Yawancin kyawawan salon haruffan da ake amfani da su a zancen 'yan wasan labari ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kuma wannan matsala ce ta salon haruffan a ko'ina, ba ta wannan manhaja kaɗai ba. Sai ka rubuta "ƙofa" ka ga harafin farko ya fito da wata siffa dabam, kamar baƙo a tsakiyar 'yan gida. Manhajar tana ba da damar shigo da salon haruffa daga waje, saboda haka a gwada waɗannan haruffa uku, manya da ƙanana, kafin a zaɓi salon da za a bi har ƙarshen labari, ko kuwa a rubuta k da d da b a ƙara musu lanƙwasa da hannu, aikin da ke cin lokaci idan zance ya yi yawa.

Ga wanda ke fitar da shafi ɗaya ko gajeren zanen barkwanci duk mako, ibisPaint X ta ishe shi. Wanda ke shirin labari mai kashi-kashi kuwa, ina ba shi shawarar ya tara kashi uku ko huɗu a ajiye kafin ya saka na farko, domin lokacin jarrabawa da ƙarshen wata a ofis suna zuwa ko an shirya ko ba a shirya ba, kuma ya riƙa kwafe fayilolinsa zuwa wani wuri banda wayar.