Na'urar Tace Ruwa ta RO da Kiwon Kifin Altum a Gida

Na sayi wannan na'ura ta RO (reverse osmosis), wadda ke tace narkakkun ma'adanai daga ruwa, saboda kifayen ado nau'in altum guda shida da nake kiwo a tankin gilashi a falona, kuma bayan na shafe watanni ina aiki da ita, ina ganin ya dace in bayyana wa masu sha'awar kifin ado abin da na gani. Irin wadda nake magana a kanta ita ce ƙaramar da ake kafawa a bango, mai matakai huɗu, wadda aka rubuta a kwalinta cewa tana fitar da galan 75 a rana, wato kimanin lita 280.

Sai an san daga inda kifin ya fito kafin a gane amfanin na'urar. Altum, wanda masanin kifaye Bafaranshe Jacques Pellegrin ya fara bayyana wa masana a shekarar 1903, ɗan asalin kogin Orinoko ne da saman kogin Negro, a yankin da Kolombiya da Benezuwela da Brazil suka haɗa iyaka. Ruwan kogunan nan, irin su Atabapo da Inirida, launinsa kamar na shayi ne saboda ruɓaɓɓen ganye, yana da tsami har ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke raguwa idan tsami ya ƙaru, kan sauka zuwa 5 ko ƙasa da haka, kuma kusan babu narkakkun ma'adanai a cikinsa. Ruwan burtsatsen gidana kuwa akasin haka ne, domin yana barin farin dabbare a cikin butar shayi, sabulu ma da ƙyar yake kumfa a cikinsa. Kifin da aka kamo daga daji aka jefa cikin irin wannan ruwa yakan maƙale fikafikansa, ya ƙi abinci, cutar fata ta samu ƙofar shiga.

A nan na'urar ta cika alkawarinta. Ruwa yana fara bi ta matatar da ke tare laka da yashi, sannan ta gawayi wadda ke cire sinadarin kulorin, kafin ya isa ga tantanin da ke yin ainihin aikin, wanda ke tare fiye da kashi 90 cikin 100 na ma'adanan. Ranar farko na tsoma ɗan ma'aunin TDS, mai auna yawan narkakkun ma'adanai, a kofin ruwan burtsatse ya nuna ɗaruruwa, na tsoma shi a ruwan da ya fito daga na'urar ya nuna adadin da bai kai 20 ba. Na riƙa canza ruwan tankin kaɗan-kaɗan, ina zuba busassun ganyen bishiyar almon domin su ba shi launi da ɗan tsami, zafinsa kuma na tsayar da shi tsakanin digiri 28 da 30. Cikin 'yan makonni ratsin jikinsu ya fito sarai, kuma wanda ya fi girma a cikinsu, wanda a da yake laɓewa bayan itace, ya fara tasowa da safe ya miƙe fikafikansa na sama da na ƙasa yana jiran abinci daga hannuna. Kifi ne da tsayinsa daga fiffike zuwa fiffike kan haura santimita 30 idan ya girma, kuma ganinsa a miƙe haka ya biya ni kuɗin da na kashe.

Sai dai akwai abin da mai shagon bai gaya mini ba, kuma ya kamata a ce ya faɗa. Lita 280 ɗin nan ba ta samuwa sai ruwa ya shigo da ƙarfin da ya kai bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne), alhali tankin da ke kan rufin gida, idan yana sama da na'urar da mita 6, ƙarfin da yake bayarwa bai wuce bar 0.6 ba. Da na fara haɗa ta, ɗigo kawai take yi, sai da na koma na sayi ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, wanda shi kuma ba ya aiki idan an ɗauke wuta. Saboda haka nake tara ruwan a duro tun kwana biyu kafin ranar canji. Haka kuma kowace lita ɗaya mai kyau tana tafiya da wajen lita 3 da na'urar ke zubarwa. Ni dai na ja tiyon zuwa bokitin wanki da shukokin tsakar gida.

Gargaɗin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne kada ya cika tanki da ruwan RO zalla. Ruwan da aka kwashe wa ma'adanai ba shi da abin da zai riƙe tsaminsa a wuri ɗaya, yana iya faɗuwa cikin dare, kuma ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazantar kifi a cikin matatar tankin suna rage aiki idan pH ya sauka ƙasa da 6. Ina haɗa shi da ɗan ruwan burtsatse, ina aunawa kafin in zuba.

Ga mai kiwon kifin scalare na yau da kullum, ɗan uwan altum, wanda aka haifa a tanki ya saba da ruwan famfo, wannan na'ura ba dole ba ce. Amma wanda ya ƙudura kiwon altum da ruwan burtsatse, shawarata ita ce ya saye ta tare da injin da ma'aunin TDS, ya kafa su tun kafin kifin ya iso gidansa.