Modem ɗin 56k na waje bayan wata biyar: kar lambar CONNECT ta ruɗe ku

Wata biyar kenan ina amfani da wannan modem ɗin, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, irin na wajen nan mai fitilu a gaba wanda ake jonawa da kebul na siriyal, kuma gaskiya sai yanzu nake jin zan iya faɗin wani abu a kansa don satin farko har na kusa mayar da shi cikin kwali.

Ranar da na jona shi kwamfuta ta nuna min CONNECT 115200, wato saƙon da ke faɗin gudu a bit a daƙiƙa bayan an ƙulla kira, na yi ta murna. Toh ku sani wannan lambar ba gudun layi ba ce, gudun maganar da ke tsakanin kwamfuta da modem ɗin ne kawai ta cikin kebul. Sai da na saka umarnin ATW2 a wurin ƙarin umarni na saitin modem ɗin sannan ya fara faɗin gaskiyar gudun da ya ƙulla da ɗaya ɓangaren, wato na kamfanin intanet, 50666. Wannan ma ta yi kyau a ido amma fa idan na fara sauke fayil sai ya tafi ya tsaya cak, fitilar RD mai nuna shigowar bayanai ta mutu na wasu daƙiƙoƙi sannan ta dawo, wani lokacin kuma bayan minti goma layin ya yanke gaba ɗaya ba sallama.

Abin da ya sa na riƙe shi shi ne ba ya ɓoye komai. Bayan layi ya yanke na buga umarnin AT&V1 sai ya zayyano min yadda kiran ya ƙare, ashe ya fara da 50666 ya ƙare a 31200, yana ta sake daidaita kansa da layin a tsakiyar aiki, kuma duk lokacin da yake wannan daidaitawar ba abin da ke wucewa, tsayuwar da nake gani kenan. Masu modem ɗin kamfanin USRobotics ku ATI6 ne zai ba ku irin wannan bayanin. Ainihin matsalar fimwe ce, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a cikin cif ɗin modem ɗin, ita ke yanke shawarar gudun da za a kama, kuma wadda ya zo da ita tana da zari, tana cafke gudun da layin ba zai iya ɗauka ba.

Na duba lambarta da ATI3, na samo sabuwa na yi masa filashin, wato na rubuta ta a cikin cif ɗin a madadin tsohuwar. Nan ne zan rage musu maki, wallahi takardar da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan wannan aikin ba alhali idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa modem ɗin na iya mutuwa murus, kuma dole fayil ɗin ya zama na ainihin samfurin naka ba na ɗan'uwansa mai kama da shi ba. Bayan an gama kar ka manta AT&F don ya koma saitin masana'anta.

Yanzu 44000 yake kamawa, ran da layi ya yi kyau 45333. Da na fara gani raina ya ɓaci na ɗauka sabuwar fimwe ɗin ta rage min gudu ne, amma da na gwada da fayil ɗaya wanda aka riga aka matse sai na ga wajen kilobait 5 a daƙiƙa yana tafiya ba tsayawa har ƙarshe, kuma ina yin awa uku layi bai yanke ba. Ni dai na fi son wannan nesa ba kusa ba.

Wanda zai saya ya cire rai da ganin 56000. Tsarin V.90 na modem ɗin 56k da aka amince da shi a 1998, bayan rigimar x2 da K56flex, tsare-tsare biyu na farko da ba sa jin yaren juna, yana aiki ne kawai idan ɓangaren kamfanin intanet ɗin dijital ne kuma sau ɗaya tak aka juya siginar tsakanin dijital da analog a hanya, idan an juya sau biyu to modem zai koma tsohon tsarin V.34 wanda iyakarsa 33600 ko me ka saka masa, ba laifinsa ba ne. A Amurka ma dokar ƙarfin sigina ta tsayar da shi a wajen 53k. Wajen tura bayanai zuwa intanet kuma 33600 ce iyaka a V.90, V.92 na shekarar 2000 ne ya ɗaga ta zuwa 48000 ya kuma kawo saurin ƙulla kira da ajiye layi idan an kira ka, nawa yana da shi amma sai ɗaya ɓangaren ma yana da shi za ka amfana.

Kafin ka zargi fimwe ka ɗaga kan tarho ka danna lamba ɗaya ka saurara, in ka ji shuu ko ƙaras-ƙaras to layin ne. Ni doguwar wayar da na ja ta bayan kabad kusa da wayar wuta na cire na sa gajeriya, na zare tsohuwar na'urar faks daga layin, na kashe jiran kira. Ran da aka yi ruwa layi ya jiƙe kuwa ba na wahalar da kaina, AT+MS=V34 nake sa masa ya koma V.34 ya zauna a 28800 ko 31200 lafiya lau.

Idan aka kwatanta shi da ɗan modem ɗin cikin kwamfutar nan da na yi amfani da shi a baya, wanda ke jingina aikinsa kan firosesa da direba, wannan ya fi shi sosai, ba ruwansa da ko Windows ne ko Linux, in ya rikice ka kashe makunninsa ka kunna ba sai ka sake tada kwamfuta ba. Taurari huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan na riƙe ne saboda takardar da tsohuwar fimwe ɗin da suka sako shi da ita.